Rabin Amsar Ustaza Raliya

Shekara tara Ustaza Raliya ta yi tana koyar da darasin addini a wata sakandaren 'yan mata a Madani. Da yaƙi ya iso garin, ta kwashi 'ya'yanta biyu ta koma Hillar Adam, ƙauyen iyayenta, tafiyar rabin sa'a daga Suki a raksha, babur mai ƙafa uku. Yaƙin ya biyo su har can, ya yi ɓarnar da zai yi, ya wuce. Makarantar 'yan matan ƙauyen ta yi kusan shekara biyu a rufe, masu gudun hijira suna kwana a azuzuwanta. Da aka sake buɗewa babu malamin addini, na da ya tafi Gadarif da iyalinsa ya zauna. Sai shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Mudira, ta aika aka kira Raliya.

'Yan aji uku aka ba ta, masu shirin jarrabawar shahada ta gama sakandare. Su arba'in da uku ne, littafi tara. Rabin kujerun an yi girki da su lokacin hijira, don haka na baya a tabarma suke zama. Raliya takan karanta darasi da Larabci yadda yake a littafi, in ta ga ba sa biye da ita sai ta juya Hausa, 'yan matan kuma su amsa da duk harshen da ya fara zo musu a baki.

Wata Litinin, a darasin ƙarshe, suka iso babin idda. Rana ta take, kwanon rufin yana turo zafi kamar bakin murhu. Ta rubuta a allo: iddar saki, iddar mai ciki, iddar wadda mijinta ya rasu, wata huɗu da kwana goma. Saura kamar minti biyu a tashi sai Hanaa ta ɗaga hannu. Yarinya ce mai ƙoƙari, tana zama a layin gaba kusa da taga, rubutunta ya fi na kowa kyau.

"Ustaza, to wadda mijinta ya hita bai komo ba? Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Ita yaushe za ta fara?"

Raliya ta ji daɗin tambayar, don ba kasafai ake yi mata wadda ba ta cikin littafi ba.

"Wannan shi ake kira mafƙud, wato ɓatacce. Malamai sun kasa shi kashi-kashi. Akwai wanda ya ɓace a faɗa tsakanin Musulmi. Shi wannan, in faɗan ya lafa aka nema ba a gan shi ba, matarsa takan shiga idda. Akwai kuma wanda..."

Sai mai gadi ya buga ƙarfen tashi. 'Yan mata suka miƙe da hayaniya, ana naɗe tabarmi, ana neman takalma. Raliya ta ɗaga murya ta ce gobe za su ƙarasa. Ta ga Hanaa ta sunkuya tana rubutu da sauri, sannan ta rufe littafinta ta fita.

A gida, suna cin kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa ita da mahaifiyarta, Raliya ta ba da labarin tambayar, tana yaba hankalin yarinyar. Tsohuwar ta tsame hannu daga kwano.

"Wace Hanaa? Ba dai ɗiyar Tahir mai gyaran injin ban-ruwa ba?"

"Ban san sunan sana'ar ubanta ba, Inna. Hanaa Tahir dai take a rajista."

"To shi na. Kina Madani yat tahi Makwar sayo ƙarfen inji, ranar da anka rufe hanya. Wata ashirin ke nan. Ko takalminai ba a gani ba. Mi kinka ce mata?"

Raliya ta maimaita abin da ta faɗa. Tana maimaitawa tana jin yadda maganar za ta sauka a kunnen wadda ubanta ya ɓace. Bayan la'asar ta buɗe akwatin marigayi mahaifinta, Malam Mahadi, ta ciro tsohon littafinsa na fiƙihu, ta nemo babin. Abin da ta faɗa yana nan, amma da sharaɗi a bayansa: sai in shaidu sun ga mutumin a cikin sahun masu faɗa. Wanda kuwa ya fita harkar gabansa ya ɓace, matarsa gaban alƙali za ta kai magana, a yi bincike, in ba a samu labari ba a yanka mata jiran shekara huɗu, sannan idda. Ta san wannan duka. Shi ne abin da za ta faɗa lokacin da aka tashi.

Ta ɗauki mayafi za ta fita. Mahaifiyarta ta ce ta bari sai gobe, ta gyara maganar a aji, don shiga gidan Tahir da irin wannan zance zai tada hankalin uwarsa, Hajja Hindu, wadda har yanzu take hana a taɓa jallabiyarsa da ke rataye. Raliya ta ajiye mayafin. Ta sani a ranta ba don Hajja ta ajiye ba, kunyar shiga gidan take ji.

Ranar Talata wurin Hanaa kusa da taga babu kowa. Raliya ta kira sunaye, ta wuce nata, ta dawo ta sake kira. Ta ce wa kanta zazzaɓi ne, damina ta bar sauro ko'ina. Ta fara rubutu a allo, allin ya karye, ta juyo ta tambayi Ramla, maƙwabciyar Hanaa.

Ramla ta kalli ƙasa. "Ustaza, gidansu an shimfiɗa tabarmi tun da safe. Innarta ta sa fari."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in mace ta cire kayan ado ta ɗaura farin tob, mayafin da ake naɗe jiki da shi, ta zauna a ƙasa. Raliya ta dafa teburi. Ba ta san yadda ta ƙare darasin ba. Kafin a fita hutun karin kumallo aka aiko Mudira tana kiranta.

A ofis ta tarar da tsohuwa ƙanƙanuwa zaune a kujera, sanda a tsakanin ƙafafunta, da wani mutum tsaye a bayanta da laka a ƙafar wandonsa, alamar daga gona aka kira shi. Mudira ta ce wannan Hajja Hindu ce, wannan kuma Ahmad, ƙanen Tahir. Raliya ta durƙusa ta gaishe su. Hajja ta ɗago ta dube ta.

"Ke ce ɗiyar Malam Mahadi?"

"Ni ce, Hajja."

"Ubanki shi yar raɗa ma Tahir suna. Ke kuma kin tsaya gaban allo kin kashe min shi. Kin ga gawatai? Ke kinka wanke shi?"

"Ban gani ba, Hajja."

"To da wane baki?"

Ahmad ya karɓe, rabi Hausa rabi Larabci. Ya ce jiya yarinya ta komo da littafi ta karanta wa uwarta, yau da asuba matar wansa ta sa fari, mata sun cika gida suna gaisuwa, shi kuma yana gona aka zo ana yi masa ta'aziyyar ɗan'uwansa. Ya ce wansa bai taɓa riƙe bindiga ba. Ya ce daga nan ofishin ilimi na Suki zai wuce, a gaya masa ko fatawa aka ɗauki malamai su riƙa bayarwa.

Mudira tana juya biro a hannu. Raliya ta san abin da ke ranta. Da ƙyar aka shawo kan iyaye suka maido da 'yan matan bayan shekara biyu a gida, magana ɗaya irin wannan ta isa ta kwashe rabin ajin.

"Kuskurena ne," in ji Raliya. "Rabin magana na faɗa aka tashi. Rabin da na faɗa bai shafi Yaya Tahir ba. Na gane tun jiya da la'asar, ban je na gyara ba. Ku ba ni izini in je yanzu."

Suka tafi su uku ta bakin magudanar ruwa, Hajja a gaba tana dogara sanda. A tsakar gidan mata kusan ashirin ne zaune ƙarƙashin rumfa, ana zuba shayi. Da suka ga malamar sai hira ta tsaya. Hanaa tana tsaye a ƙofar ɗaki, idanunta sun kumbura. A ciki Asabe, matar Tahir, tana zaune a tabarma cikin farin tob, kunnuwanta babu 'yan kunne.

Raliya ta cire takalmi ta shiga ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Yaya Asabe, ba gaisuwa na zo yi ba. Gyara na zo yi." Sannan ta faɗi hukuncin daga farko har ƙarshe, a hankali, da Hausa zalla. Ta ce wanda aka gani a sahun faɗa daban, wanda ya tafi sayen ƙarfen inji daban. Ta ce ko wane iri ne, ba malamar aji ke yankewa ba, ba kuma matar ke yanke wa kanta ba, alƙali ne.

Hanaa ta shigo da littafinta a buɗe, ta miƙa shi gaban Raliya. "Ustaza, ke kinka ce. Ga shi nan na rubuta. Ban ƙara ko harafi ba."

"Na ce. Abin da kika rubuta daidai yake da abin da ya fito bakina. Ni ce ban ƙarasa ba."

"To don mi ba ki ce in jira ba?"

"Na ce gobe, cikin hayaniya. Da na san ke wace ce, da na riƙe ki a ƙofa. Ban sani ba, kuma ya kamata in sani."

Asabe ba ta ɗago ba sai yanzu. "Shekara huɗun nan, daga randa yat tahi aka ƙirga ta?"

Raliya ta so ta ce e. "A abin da na karanta, daga ranar da alƙali ya gama bincike ne. Amma shi zai faɗa miki, ba ni ba."

Asabe ta yi wata 'yar dariya marar sauti. Ta gyara bakin tob ɗin a kanta.

"Ustaza, kin san jiya na yi barci? Wata ashirin ban yi irinai ba. Ba aure nika so ba, kada ki ji mutane. Addu'a ce ban san wadda zan yi mai ba. In na ce Allah shi jiƙan shi, sai in ji kamar na tura shi rami da raina. In na ce Allah shi maido shi, sai in ce in yana ƙasa fa, wa ka roƙa mai gafara? Sai in sallame in zauna, bakina a rufe. Jiya da yarinyag ga ta karanta min, na ce to, an faɗa min. Na yi mai addu'ar mamaci har na gaji. Yanzu kin zo ki karɓe."

A waje Raliya ta ji mata sun fara tashi ɗaya bayan ɗaya, suna sallama ƙasa-ƙasa, don ba wadda ta san ko ta ce a yi haƙuri ko ta ce Allah ya bayyana. Hajja Hindu ta zauna a bakin gadonta can ƙarshen rumfa, ta juya wa ɗakin baya.

Asabe ba ta cire farin ba a ranar. Washegari ma ba ta cire ba. Ranar Laraba 'yan mata biyar ba su zo aji ba, aka ce iyayensu sun ce a dakata tukuna. Ahmad ya je Suki kamar yadda ya faɗa, ya dawo da labarin za a turo mai duba malamai ranar Lahadi. Raliya ta riƙa zuwa makaranta ta bayan gonakin dawa don kada ta bi ta kasuwa. Duk wanda ya gaishe ta sai ta tsaya neman abin da ke bayan gaisuwar. Abin da ya fi damunta bai kai ga aikin ba. Tunani take, in Tahir yana raye a wani wuri, ya dawo ya tarar an yi zaman makokinsa, aka ce daga bakinta ne. In kuwa ya mutu, ta hana matarsa abin da ya sa ta runtsa.

Ranar Alhamis da hantsi Ramla ta kawo mata labari. Hajja Hindu ta ƙi cin komai tun Talata, ta ce ba za ta karɓi abinci daga hannun mai takabar ɗanta ba, kuma ba ta yarda kowa ya dafa mata sai Asabe, don ita ta san yadda take son kununta. Da safiyar nan tsohuwar ta tashi za ta yi alwala jiri ya kwashe ta. Asabe ta shiga ɗaki ta fito da tob mai ruwan ganye, ta dama kunu ta kai mata. Hajja ta sha.

Bayan sallar Juma'a limamin ƙauyen, Shehu Musbahu, ya tara 'yan gidan Tahir a zaurensa, ya aika aka kira Raliya. Ya ce abin da ta gyara shi ne daidai, ya ce kuma laifin ba nata ba ne ita kaɗai, shi ma wata ashirin yana ganin gidan bai ce su kai magana gaban alƙali ba, don yana tsoron fuskar Hajja. Aka shirya Ahmad zai raka Asabe kotu. Da za a tashi Ahmad ya ce wa Raliya takardar da ya kai Suki ta riga ta shiga, ba zai iya janye ta ba. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta sa rai ba.

Mai duba malamai ya zo ranar Lahadi a bayan babur, dattijo mai farin gilashi. Ya ƙi kujerar da aka ba shi, ya zauna a tabarmar baya. Raliya ta sake darasin ɓatacce daga tushe. Hanaa ta dawo a ranar, amma ba ta zauna a gaba ba, kuma ba ta buɗe littafi ba. Da aka gama dattijon ya ce a ofis zai rubuta mata gargaɗi, saboda ta amsa abin da ba ya cikin manhaja ba tare da ta san mai tambaya ba. Ya sa hannu, ya cire gilashi yana gogewa, sannan ya tambaye ta shafin da ta samo sharaɗin shaidu. Ya ce surukinsa ma tun bara ba a ji ɗuriyarsa ba.

Cikin makon nan 'yan mata suka riƙa tsayawa bayan an tashi, ɗaya-ɗaya, kowace tana jira sauran su fita. Wannan wanta ne, wannan mijin yayarta, wannan kawunta da ya tafi Sinja da lori. Raliya ta ƙirga goma sha ɗaya. Kowace takan zaunar da ita ta tambayi sunan mutumin da ranar da ya fita, ta faɗi abin da ta sani, ta faɗi inda saninta ya tsaya, sannan ta ce a tura babba wurin Shehu Musbahu. Daga cikin biyar ɗin da aka janye, uku sun dawo.

Alƙali ya karɓi maganar Asabe, ya sa a yi cigiya. Wata biyu babu komai. Sai ga saƙo daga Abu Hujar cewa akwai wani manomi da aka tsare lokacin yaƙi aka sako shi, yana cewa ya zauna da wani Bahaushe mai gyaran inji. Ahmad ya zo har gidan su Raliya ya tsaya a ƙofa, ya ce kotu tana son maganar a rubuce, shi rubutunsa ba shi da kyau, Asabe kuma ta ce Ustaza take so.

Suka tafi ranar Asabar a bayan lori, su huɗu har da Hanaa. Suka sami mutumin a gonarsa ta bakin kogi, ramamme, haƙoransa na gaba babu. Ya zaunar da su a inuwar mangwaro. Ya ce sun yi wata uku a ɗaki ɗaya da wani da ake kira Usta, wato gwanin gyaran inji, mai tabon ƙuna a hannun hagu, wanda ake fitarwa yana gyara wa masu tsaronsu janareto. Asabe ta rufe baki da tob. Ya ce sunansa na yanka bai riƙe ba, ko Tahir ko Tayyib. Ya ce wata safiya aka sa mutumin a mota da wasu, yana tafiya da ƙafafunsa, lafiyarsa ƙalau. Wannan kafin damina ta biyu da fara yaƙin ne. Bayan nan bai sani ba.

"Yana da rai ke nan," in ji Ahmad. "Ustaza, rubuta yana da rai."

Raliya ta ɗago biro daga takarda. "Zan rubuta ya gan shi da rai kafin damina ta biyu, da tabon, da cewa bai tabbatar da sunan ba."

Raliya ta rubuta, ta karanta wa manomin da Larabci, ya gyara mata wuri ɗaya: ba mota ɗaya ba ce, biyu ne, bai san wadda aka sa shi ba. Ta gyara, ya dangwala yatsa. Sannan ta juya wa Asabe da Hausa, layi bayan layi.

A hanyar komawa lorin ya tsaya ɗaukar buhunan riɗi. Asabe ta ce ita dai ta san tabon nan, ranar da ya ƙone tana nan. Ahmad yana lissafin garuruwan da zai bi ya tambaya. Hanaa ta karɓi takardar daga hannun Raliya ta karanta da kanta har ƙasa, ta ninke ta, ta tambaya ko za a iya yin kwafi biyu kafin a kai kotu, don kakarta za ta so a ajiye ɗaya a gida. Raliya ta ce za ta kwafa da hannu da zarar sun isa.